Ƙwallon Tsamiya a Tekun Madubi

Da sunan Ubangiji wanda ya raba ruwan sama da ruwan ƙasa, ya ja iyaka a tsakaninsu, ya ce wannan ya tsaya nan, wancan ya tsaya can. Shi ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi numfashi a cikin ruwa, ya bar ɗan Adam da ƙafa biyu da zuciya mai rigima. Ni Filibus ɗan Dogara, na je inda iyakar nan take gogewa. Na shiga na fito, ba don na fi waɗanda ba su fito ba.

Zauna nan a inuwar tsamiya, Tabita jikata, amaryar tsoho. Ajiye hular sojan nan a kan tabarma, ba mai sara miki a gidan nan. Uwarki ta ce jibi za ki tafi, an sa miki anini a kafaɗa, an tura ki rundunar jiragen sama masu tashi daga bayan jirgin ruwa. Ta ce in yi miki nasiha. Ni ban iya nasiha ba. Abin da na gani kawai zan faɗa, yadda ya faru, ba ƙari. In labarin ya yi tsawo ki yi haƙuri, angon naki ya tsufa.

A makarantar mishan inda na yi karatu akwai wani ƙwallon taswirar duniya a kan teburin malami. Can ƙasa ta gefe ɗaya fenti ya ɓare, gurbin bai fi tafin hannun jariri ba. Wata rana na ɗaga hannu na tambayi abin da ke nan. Malam ya leƙa, ya ce, “Gara ce ta ci, Filibus. Zauna.” Na zauna, amma ban yarda ba. Da na gama karatu sai na ɗaure ’yan kayana, na bi ayarin fatake, na nufi gurbin da gara ta ci.

Na ƙetare Hamadar Tagulla, inda yashi yake kuka in an taka shi, har raƙuma su riƙa waiwaye. Na kwana a Birnin Zarfana, inda aka rataye gidaje da sarƙa a jikin dutse saboda wata ambaliya da kakanninsu suka gani, kuma har yau ba wanda ya yarda ya sauko. Daga nan hanya ta miƙe da ni har gaɓar Marmaza, inda ƙasa ta ƙare.

Mutanen Marmaza suna da ’yan’uwa a wasu tsibirai masu nisa, tsibiran da ko ƙwayar gero ba ta tsirowa a kansu. Duk abin da za su ci sai an kai musu a jiragen ruwa, kuma hanya ɗaya ce, ta cikin Tekun Madubi. A tekun nan akwai wani kifi da suke kira Haɗiyau, wanda yake haɗiye jirgin hatsi da matuƙansa kamar yadda kike haɗiye lomar tuwo. Saboda shi ne suka gina Uwar Shirwa, wani jirgin ruwa mai faɗin kasuwar ƙauye, mai shimfiɗaɗɗen dandali a bayansa. Daga dandalin nan ƙananan jiragen sama suke tashi, su leƙo inda kifin yake, su dawo su faɗa, ayari ya kauce. Jiragen nan su ake kira shirwa. Da gora ake yin su da fatar kifi, inji a gaba mai shan man kifi, farfela ta katako, ƙugiya a wutsiya. Kusa da gwiwar matuƙi akwai ’yar kwalba da take nuna sauran mai.

Da suka ga na iya karatun taswira da lissafi, sai suka koya mini tuƙi a tudu, suka sa mini anini ɗaya kamar naki, suka tura ni teku. Na tafi ina ɗaga kafaɗa. A tudu kowa gwani ne, don ƙasa ba ta gudu.

Wanda ya fara tarbata a jirgin shi ne Ɓaidu, wani ƙaramin hafsa siriri mai bakin tsiya, wanda muka zama abokan ɗaki. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Kai ne malamin taswirar? Madalla. In ka faɗa ruwa aƙalla za ka san sunan inda ka mutu.”

Ya ja ni zuwa wutsiyar jirgi, inda wani ɗan dakali ya leƙa kan ruwa. Wata dattijuwa tana zaune a kai tana ɗinke jar tuta, ƙafarta ta hagu ta katako ce. “Gaishe ta da kyau,” in ji Ɓaidu a kunnena. “Goggo Yalmata ke nan, Mai Tuta. Ta tuƙa shirwa tun kana tsumman goyo. Ko shugaban jirgi ba ya musu da ita.”

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba sai da ta ciji zare.

“Ɗan nan, tashi kowa ya iya, ko ganye yana tashi. Dawowa ce aiki. In ka nufo dandali, ka saki ƙugiyarka don ta kama ɗaya daga cikin igiyoyin can da aka gitta. Daga lokacin da ka sake ta, idonka ba naka ba ne, nawa ne. Na yi ƙasa da tutocin nan, ka sauka. Na ɗaga su sama, ka tashi ka sake kewayowa, ko da ƙafarka ta kusa taɓa katako. Ka ji?”

Na ce, “Na ji, Goggo.”

Ta ce, “Kowa haka yake cewa.”

Akwai wata al’ada a rundunar, ita ce tushen labarin nan, don haka ki saurara. Kowane matuƙi yana da zare a wuya. Da yamma in an taru cin abinci, Goggo Yalmata takan shigo da ’yar jakar fata, ƙafar katakonta tana ƙwanƙwasa bene. Wanda ya sauka tas, sai ta ba shi farin wuri ya zura a zarensa. Wanda ta kora da tuta bayan ya saki ƙugiya, sai ta ba shi ƙwallon tsamiya hudajje. Tsamiya ba ta yankewa a jirgin, don ana dama kunu da ita kullum saboda ciwon dasashi, ƙwallayen kuwa ba a zubarwa. Duk wanda aka miƙa wa baƙin ƙwallon nan, sai a ɗauki cokula a yi ta buga kwanuka ana ihu har ya gama zura shi.

Saukata ta farko, na nufo dandali, na ga abin da a ƙasa yake kamar kasuwa ya koma kamar faifai, kuma faifan yana hawa yana sauka. Tutoci suka yi sama. Na kewayo. Suka sake yin sama. Sai a karo na uku ƙugiyata ta kama, igiya ta fizge ni har na ciji harshe. A daren farko na zura ƙwallaye biyu da wuri ɗaya. Kafin wata ya mutu wuyana ya yi baƙi.

Ɓaidu ya hau kan benci ya ce, “Jama’a, in tsamiyar kunu ta ƙare kada ku damu, a jiƙa Filibus!” Daga ranar ba wanda ya sake kirana da sunana. Na zama Tsamiya. Ina dariya tare da su, amma in na kwanta sai in ji zaren yana shaƙe ni.

Jagoran rundunarmu kuwa shi ne Jarmai Zangina, wanda ake wa laƙabi da Farin Wuya. Tun da ya shiga teku ba a taɓa korarsa da tuta ba. Zarensa fari fat, yana haske a kan baƙar fatarsa. Mutum ne mai sauƙin kai, ba ya buga kwano in ana yi wa wani ihu. Shirwa biyu-biyu suke fita, jagora da ɗan rakiya, kuma doka ce ɗan rakiya ba ya rabuwa da jagoransa. Da aka rasa mai son fita da ni, shi ya ce a ba shi ni.

Na ce, “Ranka ya daɗe, zan ɓata maka suna.”

Ya ce, “Sunana ba a wuyanka yake ba, ƙanena. Ka dai manne wa fiffikena. Inda na yi, ka yi.”

A fitarmu ta farko na ga Haɗiyau. Kifin nan ba ya ganin abin da ke sama, inuwa yake bi. Muna tafe ƙasa-ƙasa da tsakar rana, inuwar shirwata tana gudu a kan ruwa, sai na ga wata inuwar ta taso daga ƙarƙashi tana bin tawa, tana faɗaɗa, har ta fi filin makarantarmu girma. Ruwa ya kumbura. Na ga farin baki yana buɗewa, da haƙora jeri-jeri kamar itatuwan shinge. Na ja sandar tuƙi don in hau, amma shirwa ba ta hawa da sauri, shi kuwa kifin yana tsalle sama da tsayin rimi. Na fara addu’ar da aka koya mana a makaranta, na kasa wuce layin farko.

Sai na ga Jarmai ya karkato ta gabana. Ya saki sanda, ya tuɓe babban bargon da matuƙa suke yafawa saboda sanyin sama, ya baza shi ya jefar. Bargon ya buɗe a iska, ya jefa inuwa mai faɗi can gefe. Kifin ya juya. Ya fito daga ruwa gaba ɗayansa, ya haɗiye bargo, ya koma da wata ƙara da ta girgiza haƙarƙarina. Ruwan da ya fantsama ya jiƙa ni har cikin takalmi. Muka shige ƙarƙashin wani gajimare inda ba mu da inuwa, muka bi shi har gida.

Da muka sauka, Jarmai ya zo yana rawar sanyi, ya dafa ni, ya ce, “Ka ci mini bargo, Tsamiya. Yau da naka zan kwana.” Tun daga ranar, da ya ce in bi shi cikin wuta da na bi.

Muka yi ta tafiya. Na ga tsibirin da tsuntsaye suka gina da ƙasusuwan matuƙa. Na ga gajimare mai ƙanƙara kamar wuƙaƙe, wanda ya yanke wa Ɓaidu rabin kunne, ya dawo yana cewa dama kunnen ba ya jin magana. Amma duk abin nan ba shi ne tsofaffin jirgin suke tsoro ba. Abin da suke tsoro ba sa ma son kiran sunansa.

Wata rana ina taya Goggo Yalmata naɗe tuta, na tambaye ta dalilin da ya sa ake kiran tekun Madubi, alhali kullum cikin raƙuman ruwa yake. Sai ta ce in zauna.

“Akwai ranar da iska take mutuwa farat ɗaya. Ruwa ya kwanta kamar an zuba mai a faranti. Sama ta shiga teku, teku ya shiga sama, ba ka ganin inda ɗaya ya ƙare. Ka san jikin jirgin nan launin ruwa aka shafa masa don kada kifi ya gan shi, kuma in za ku sauka ana kwantar da itatuwan filafili masu ɗauke da zannuwan da iska take tura jirgi da su. To, daga nesa me kake gani?”

Na ce, “Farin layin bakin dandali, da jajayen tutocinki.”

“A ranar madubi layi biyu za ka gani, ɗaya bisa ɗaya. Ɗaya jirgi ne, ɗaya hotonsa ne a kife. Wani lokaci ruwa ne yake yin hoton, sai na ƙarya ya zama na ƙasa. Wani lokaci sama ce take yi, sai na ƙarya ya zama na bisa. Hoto kuwa a kife yake. In na ɗaga tuta, tawa ta ƙarya za ta sauke. In na sauke, ta ɗaga. Za ka ga Yalmata biyu, ɗaya tana kiranka, ɗaya tana korarka, kuma ba idon da zai raba maka su.”

Na ce, “To wacce zan bi?”

“Wadda ta kore ka. In ka yi kuskure, ƙwallon tsamiya ne. Akwai wani ƙaton dutse a cikin jirgin nan, can ƙasa. In madubi ya sauka, ana mirgino shi a jefa a ruwa, ruwa ya motsa, hoto ya fashe. Amma yana da nauyi, yana ɗaukar lokaci. Ka yi ta kewaye har ka ji faɗuwarsa.”

“In mai ya ƙare fa?”

Ta ci gaba da naɗe tutarta.

Kwanaki suka shuɗe har muka kusa tsibirai. A lokacin zaren Jarmai ya cika, saura gurbin wuri ɗaya tak kafin ƙulli. Dokar Marmaza ta ce duk wanda ya cika zarensa da fari zalla, za a sassaƙa sunansa a jikin babban itacen filafili, a sallame shi ya koma gida da girma. Ba a taɓa samun wanda ya yi ba, itacen nan fes yake. Wanda zarensa ya gauraya kuwa, sai a ba shi sabo ya sake somawa. Jarmai yana da mata a Marmaza, da ’yar da aka haifa bayan tahowarsa, bai taɓa ganinta ba. Yakan sassaƙa mata ’yan tsuntsaye da guntayen gora yana tarawa a ƙarƙashin gado.

Jirgi duka ya ɗauki zancen. Masu dafa abinci suka ɓoye zuma don biki. Ɓaidu ya shirya waƙa. Kowa ya gamu da Jarmai sai ya ɗaga masa yatsa ɗaya, shi kuma ya yi murmushi. Amma ni da nake kusa da shi na lura hannunsa yana yawan zuwa wuyansa, yana shafa gurbin nan.

A safiyar ranar da ake sa ran zai cike zaren, muka yi tsintar dandali kamar kullum. Al’ada ce, kowa da kowa, daga shugaban jirgi har mai wanke tukwane, a jeru kafaɗa da kafaɗa a taka dandali daga gaba zuwa baya, ana tsince duk wani tsinke ko ƙusa, don abu kaɗan in farfela ta ɗauka yana iya kashe mutum. Na tsinci gashin tsuntsu, na kai bakin jirgi na saki. Maimakon iska ta fizge shi, sai ya yi ta juyawa a hankali kafin ya tafi. Na ga Goggo Yalmata ma tana kallonsa.

Ta tare Jarmai yana shirin hawa. “Zangina, iskar nan ba ta yi mini ba. Bari wani ya fita.”

Ya yi dariya. “Wanin ba shi da uwa ne, Goggo? Ki dai wanke mini farin wurin nan nawa da kyau, ina son mai sheƙi.”

“Na wanke. Na kuma ajiye baƙin ƙwallon kusa da shi.”

“Wannan ki ba Tsamiya, ya saba.”

Muka tashi. Mun yi nisa a ranar, don mun hango kifin a kan hanyar ayari, sai da muka bi shi muka tabbatar da inda ya nufa. Da muka juyo, man da ke kwalbata bai fi kaurin yatsa biyu ba. Can muka hango Uwar Shirwa, an kwantar da filafilai, an gitta igiyoyi. Jarmai yana gaba, ina bayansa ta dama. Ya saki ƙugiyarsa. Na saki tawa.

A daidai nan iska ta mutu.

Ba zan iya kwatanta miki shi sosai ba, Tabita, ko da yake ba ranar da ba na gwadawa a raina. Raƙuman ruwa suka kwanta kamar an shafe su da hannu. Iyakar sama da ƙasa ta goge. Na ga rana a bisa kaina, na ga rana a ƙarƙashina. Gajimare a sama, gajimare a ƙasa. Muka zama kamar ƙudaje biyu a cikin kwalba shuɗiya. Na rasa ko hawa nake yi ko gangara. Ƙarar injina ma ta koma kamar daga wani ɗaki take fitowa.

A gabanmu kuwa ga fararen layuka biyu. A kan na bisa, jajayen tutoci a sama: ku tashi. A kan na ƙasa, jajayen tutoci a ƙasa: ku sauka.

Na dubi Jarmai. Ya juyo, har ina ganin farin zaren a wuyansa. Ya san dokar fiye da ni, shi da Goggo sun binne mutane tare. Amma ƙugiyarsa tana sake, kuma in ya tashi yanzu, baƙin ƙwallo ne zai cike gurbin ƙarshe. Na ga ya dubi layin bisa, ya dubi na ƙasa. Ya daɗe a kan na ƙasa. Mutumin da idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Sai ya ɗaga hannu ya yi mini alamar da na fi sani a duniya: biyo ni. Ya sunkuyar da hancin shirwarsa.

Dokoki biyu suka riƙe ni, ɗaya a kowane hannu. Ɗan rakiya ba ya barin jagoransa. Kuma wannan jagoran ya tuɓe bargonsa saboda ni. Na dubi kwalba, mai ya koma yatsa ɗaya. In na kewaya ban san ko zai kai ni ba. Hannuna ya fara tura sanda gaba, ina binsa.

Ba hikima ce ta tsayar da ni ba, kada ki ɗauka kakanki wani mai hangen nesa ne. Sabo ne. An kore ni da tuta sau da yawa har jikina ya haddace. Idona na ganin ja a sama, hannuna ya ja sanda baya tun kafin zuciyata ta gama gardama. Shirwata ta ɗaga kai. Na yi ihu na kira sunansa, sunansa na yanka, ba ranka ya daɗe, ba kome. Iska ma babu da za ta kai masa.

Na ji ƙarar a bayana. Ba ta da girma. Kamar an saki tulu a rijiya.

Na karkata na duba. Can ƙasa wani zobe ya buɗe a cikin shuɗin nan, wani ya biyo shi, wani ya biyo, suna faɗaɗa. Da zoben farko ya isa layin ƙasa, sai layin ya lanƙwashe, ya karye, tutocinsa suka watse kamar an zubar da manja a ruwa. Rana ta ƙasa ta farfashe. Teku ya koma teku. Jirgi ɗaya ya rage, na bisa, da mace ɗaya a kan dakali da tutoci a sama.

Dutsen bai ko iso bakin dandali ba. Jarmai Zangina ne ya fasa mini madubi.

Na kewayo ina kuka kamar yaro, inji yana tari. Zobban suna raguwa, ruwa yana komawa kwance, na ga wani farin layi yana sake haɗuwa a ƙarƙashin na gaskiya, dishi-dishi. Na kafe idona a kan Goggo, na ƙi ko ƙiftawa. Tutoci suka yi ƙasa. Saura kaɗan in isa, inji ya yi tari na ƙarshe ya mutu, farfela ta tsaya cak a gabana. Shiru ya rufe ni, har ina jin kukan gorar fukafukai. Dandali ya taso. Igiya ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Ta ƙarshe ta kama.

Ɓaidu ne ya ciro ni. Wannan ne karo na farko da na ga bakinsa a rufe. An saukar da kwale-kwale an duba. Guntun fiffike kawai aka samu. Farin wuri ba ya iyo.

Da yamma aka taru, ba wanda ya taɓa kwanonsa. Muka ji ƙafar katako tana tahowa. Goggo Yalmata ta tsaya a gabana, ta ba ni ƙwallon tsamiya na korar da ta yi mini, ta ba ni farin wuri na sauka. Ba a buga cokali ko ɗaya ba. Sannan ta sake sa hannu a jaka ta fito da wani ƙwallon, ta ɗora a tafin hannunta, ta juya tana nuna wa kowa.

“Wannan na Zangina ne. Na kore shi yau. Abin da na so in ba shi ke nan.” Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. “Ku dube shi da kyau, ’yan banza masu buga kwano. Ko nauyin ƙusa bai kai ba.”

Ba wanda ya ɗaga kai. Ta ce, “Ba mai karɓar masa?”

Na miƙa hannu. Na lura ba a huda shi ba, don ba wuyan da za a rataya shi.

Hatsi ya isa tsibirai. Da muka koma Marmaza, ni na kai wa matarsa tsuntsayen gora. Yarinyar ta fara tafiya, tana da goshinsa. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Na yi shekaru bayan haka a rundunar, na cika zare uku, duka masu baƙi-baƙi kamar wake da shinkafa, har idona ya raunana aka sallame ni. Na biyo ta Zarfana, na sake taka yashi mai kuka, na dawo gida. Makarantar ta rushe, ƙwallon taswirar ma gara ta ƙarasa shi. Sunan kowa bai hau itacen filafilin nan ba har na baro.

Ɗaga kanki, amarya. Kin taso kina jin maƙwabta suna cewa akwai iska a tsamiyar nan, don suna ganina ina gaishe ta da safe. Ba iska ba ce. A damina ta farko bayan dawowata na tona rami a nan na sa ƙwallon da ba a huda ba. A ƙarƙashinta uwarki ta yi rarrafe, a ƙarƙashinta ke ma kika yi, da ’ya’yanta aka dama kunun sunanki.

Miƙo hannunki. A’a, na dama, wanda za ki riƙe sanda da shi. Ga wannan, na bana ne, jiya na tsince shi na huda da kaina. Ban san ko a rundunarku ana zura zare ba, amma na san za a sami wani abin da ake ƙirgawa, da masu buga kwano. Ki rataya shi tun kafin ki tashi tashin farko, don wuyanki ya riga ya yi baƙi, ki huta.

Nan hikayar Filibus ɗan Dogara ta tsaya. Wanda ya ja iyaka tsakanin ruwa da ruwa, ya nuna miki ita a ranar da ta ɓuya. Ɗauki hularki, uwarki tana kira.